Makarantar kiɗan gargajiya a Gadarif ta Sudan: tambayoyin da ake yawan yi mana da amsoshinsu

Tun da ruwa ya ɗauke aka koma karatu, iyaye da ɗalibai da masu biki ke ta zuwa rumfar makaranta da tambayoyi, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Malaman kalangu da na goge da uwar ajin mata suka zauna suka amsa su wuri guda, don wanda ke Kasala ko Mai Wurno ko Damazin ma ya samu ya karanta.

Me ake ciki a makarantar a wannan zangon?

Babban labari shi ne sababbin ɗalibai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum cikin Afrilun 2023, ya kai Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, iyalai da yawa suka sauka Gadarif wurin dangi. Wasu sun koma, wasu suna nan, yaransu kuma suna zuwa. Yaron da ya tashi a Hartum ko Umdurman yawanci yana jin Hausa, amma idan ka yi masa magana da Larabci zai amsa maka. Saboda haka aka raba ajin kalangu gida biyu, ba bisa shekaru ba, bisa kunne: masu jin hawa da saukar magana, da waɗanda sai an fara gyara musu kunne tukuna.

Ban da wannan, ajin mata ya tashi daga rumfar waje ya koma cikin gida, an ware safiyar Asabar don gyaran kayan kiɗa, an kuma fara ɗaukar muryoyin tsofaffin makaɗa da zabiyoyin unguwa.

Yaushe ake karatu, kuma me ya sa kuke rufewa da damina?

Juma'a da Asabar, daga bayan la'asar zuwa kafin kiran magariba. Da azumi ba a karatu.

Rufewar damina kuwa dalili biyu ne. Baƙar ƙasar Gadarif idan ta sha ruwa, ko raksha, keke mai ƙafa uku, ba ta shiga lungunmu. Sannan yawancin manyan ɗalibai gona suke tafiya, daga shuka har yankan riɗi, shi kuwa riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, ka yi jinkirin kwana kaɗan ya fashe ya zube ƙasa. Ana komawa aji bayan an gama yanka an jingine dammuna.

Waɗanne kayan kiɗa ake koyarwa?

Kalangu da ɗan karɓi (ƙaramar gangar da ke raka kalangu), gangar noma, goge da kukuma, gurmi, kuntigi, sarewa. A ajin mata akwai shantu, ƙwarya da dalluka, gangar matan Sudan. Wanda ke son tar na madihu, wato abin da a ƙasar Hausa ake kira mandiri, ana zama dominsa idan Maulidi ya matso.

Tambari da kakaki ba ma koyar da su. Kayan sarauta ne, ba a buga su ko busa su sai da izinin sarki kuma dominsa. Wanda ke son ya ji su a inda ya dace, sai ya nemi fada. Kotso da taushi ma na makaɗan fada ne. Ana nuna wa manyan ɗalibai yadda ake riƙe su da yadda ake liƙa nake, wato wani danƙo, a tsakiyar fatar don muryar ta yi nauyi, amma ba a fita da su gidan biki.

Malam, ɗana Hausarsa ta yi rauni. Zai iya koyon kalangu?

Zai iya, Alhaji, amma ka sani tun yanzu cewa harshen zai koya tare da kiɗan, don ba a raba su. Kalangu magana yake yi. Idan makaɗi ya matse tsirkiya, wato igiyoyin da suka haɗa fuskokinsa biyu, da hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Idan ya saki, ta sauka. Hausa kuma da wannan hawa da saukar take bambanta kalmomi, abin da masana harshe ke kira karin sauti. Larabci ba haka yake aiki ba, shi ya sa yaron da kunnensa ya saba da Larabci kaɗai zai iya buga kiɗa daidai lokaci, hannunsa da sauri, amma dattijon da ke gefe ya ce bai ji abin da gangar ta faɗa ba.

Ga yadda ake farawa. Mako biyu na farko ba a ba yaro makaɗi a hannu. Malam zai ce kuka, na hawaye, gaɓa biyu duk a sama. Sai ya ce kuka, ta miya, ta farko a sama ta biyu a ƙasa. Yaro ya maimaita da baki yana ɗaga hannu yana saukewa. Sai gora na zuba ruwa, ƙasa sannan sama, da gora ta dogarawa, sama sannan ƙasa. Idan ya daina rikita su, sai a rataya masa kalangu: matse ka buga biyu, Musa ke nan, matse ka buga, saki ka buga, Bello ke nan. Daga sunaye sai gaisuwa. Sannu da zuwa gaɓa biyar ce, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kuma wa ta ƙarshe doguwa ce, don haka ba a yi mata gaggawa. Murya mai faɗuwa ita ce ta fi wuya, don sai an buga a matse a saki nan take kafin ƙarar ta mutu.

Abin da zai fi taimaka masa ba a aji yake ba. A riƙa yi masa Hausa a gida, musamman kakarsa. Idan ya amsa da Larabci kada a yi masa dariya ko tsawa, a dai maimaita masa maganar da Hausa a wuce.

Wata nawa ake yi kafin a iya?

Mai zuwa duk mako yana kuma taɓawa a gida, cikin wata uku ya kamata ya riƙe ɗan karɓi minti goma bai kauce ba. Wannan shi ne gwajin farko, kuma da yawa suna raina shi. Take da kirari sai an shekara. Jan kiɗa a gaban jama'a, mawaƙi yana juyawa kana binsa, wannan babu mai yanka maka wa'adi. Goge ya fi kalangu wahalar farawa: wata biyu na farko mutanen gida sai sun yi haƙuri da kukansa.

Daga ina waƙoƙin da kuke koyarwa suka fito?

Rijiya uku ake ɗiba. Ta farko, abin da kakanni suka zo da shi a ka: mahajjatan da suka biyo hanyar ƙasa suka zauna, da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kawo su bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da waɗanda aikin auduga na Jazira ya jawo bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. A bakinsu aka samu waƙoƙin noma, na niƙa, na daɓe, na reno, da taken mahauta da na 'yan dambe. Ta biyu, kaset-kaset ɗin da 'yan kasuwa da alhazai suka riƙa shigowa da su, irin na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge. Ana sauraron su don a koyi yadda 'yan amshi ke karɓa da yadda kiɗa ke bai wa murya hanya. Ta uku, waƙoƙin da aka haifa a nan, masu Hausa da Larabci a baiti ɗaya. Waɗannan ma namu ne, ba a gyara su don su yi kama da na Kano.

Ana rubuta baitoci da ajami da boko duka biyu. Yaran nan da haruffan Larabci suka yi makaranta, ajami ya fi musu sauƙi, sai dai a tsaya a nuna musu ɓ da ɗ da ƙ da ts, kamar yadda ake rubuta ɗ da ɗa mai hannu. In ba haka ba sai yaro ya rera ɗaki ya fito daki.

Zan saya wa yaro kalangu. Me zan duba?

Kada a saya a wata ukun farko, akwai na aro. Idan lokaci ya yi, a fara da kangon, wato icen. A ɗaga shi a leƙa ta ciki a hasken rana, kada a ga tsaga ko ramin ƙwaro. A ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, mai lafiya yana amsawa tas, mai tsaga yana yin kurum. Bakunan biyu su zama faɗi ɗaya kuma sumul, don baki mai kaifi shi ke cin fata. Sai a gwada shi a jikin yaron: idan hannunsa bai zagaye tsirkiyar ya matse ba tare da ya karkata kafaɗa ba, ya yi masa girma. Fata ba abin damuwa ba ce, ana sauyawa. Kango mara kyau kuwa babu magani.

Yaya ake sauya fatar kalangu?

Wannan ne aikin safiyar Asabar, kuma duk ɗalibin da ya shekara sai ya yi shi da hannunsa.

Fatar ɗan akuya ƙarami ake nema, ɗanya, wadda ba a jeme ba kuma ba a sa mata gishiri ba. Fatar da aka yi wa gishiri tana jan laima da damina, ba ta riƙe murya. A roƙi mahauci tun kafin yanka ya feɗe da hannu, wuƙa a gefe kawai. A ɗaga ta a rana a duba: duk inda haske ya fi ratsawa, wuƙa ta taɓa wurin, nan za ta fashe.

A jiƙa ta a ruwan toka kwana biyu zuwa uku, ana juyawa safe da yamma. Da zarar gashi ya fara fita idan an ja da yatsa, a cire. Idan ta wuce haka tokar ta ci ƙarfinta. A wanke ruwa uku. A kifa ƙwarya ko turmi a shimfiɗa ta a kai, a kankare gashi da bayan wuƙa, a juya a kankare kitse da sauran nama. Kitsen da aka bari shi ke jawo wari da ɓera.

Wajen yanka, fuskokin biyu su fito daga fata ɗaya, dama da hagu na haƙarƙari, a guji wuya da tsakiyar baya inda ta fi kauri. A ɗora zoben da ake naɗe fatar a kai, a bar ratar yatsu uku a kewaye, a naɗe tana da danshi, a ɗinke da basilla. Kada a ja ta ƙam tana ɗanya: idan ta bushe za ta tsuke da kanta, kuma idan an riga an ja, sai ta lanƙwasa zoben. A zura tsirkiya sako-sako, a rataye a inuwa kwana biyu. Ranar uku a fara ɗaurewa, ana bin kewayen kaɗan-kaɗan har zagaye uku. Wanda ya ɗame gefe ɗaya ya gama kafin ya koma ɗayan, kalangunsa zai riƙa fitar da murya biyu a bugu ɗaya, kuma sai an kwance an sake.

Tsirkiya ita ce ake yi da jemammiyar fata, wadda aka jeme da bagaruwa, garad a bakin mutanen nan. A shafa mata man shanu ko man riɗi kaɗan sau ɗaya a wata. Man kada ya taɓa fuskar ganga.

Gangata ta dishe da damina, da bazara kuma ta fashe. Me ya jawo?

Abu ɗaya ne ta fuska biyu: fata tana shan laima tana saki, tana bushewa tana tsukewa. Da damina a ajiye ta a rana minti goma kafin kiɗa, ko a nuna fuskarta ga garwashi daga nisan kamu ɗaya ana juyawa, ana shafawa da tafin hannu. Idan tafin bai jure zafin ba, fatar ma ba za ta jure ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafin Gadarif ke wuce digiri 40, a sassauta ɗaurin bayan kowane kiɗa, kada a bar ta a ɗakin kwano da rana ko a bayan raksha. A rataye ta a bango cikin jakar yadi, ba ta leda ba. A ƙasa gara ce ke jiran icen, ɓera ke jiran tsirkiyar.

Gogena yana ƙiƙi, ba ya fitar da murya sosai. Ina matsalar?

Sau da yawa maiƙo ne. Tsagiya gashin wutsiyar doki ce, ta jikin gogen da ta bakan duka, kuma da ƙaro take kama juna. Wanda ya ci agashe, wato tsire, bai wanke hannu ba ya taɓa ta, ya gama da muryar ranar. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, a bari ta bushe sarai, a taje ta miƙe, sannan a goga ƙaro sau uku ko huɗu. Luban busasshe mai tauri ake so, ba mai laushin da ake taunawa ba. Ƙaron da ya yi yawa ma yana sa ƙiƙi, za ka ga farin gari ya taru a kan fata. A share da ƙyalle.

Idan ba maiƙo ba ne, a duba jaki, ɗan icen da ke ɗauke da tsagiya a kan fata. Yana zamewa ba a lura ba. Idan an samu wurin da murya ta fi fita, a yi masa alama da fensir. A duba kuma ko wasu gasun sun saki sun fi sauran tsawo. A yanke su da almakashi daga tushe, kada a fizge, don fizga na kwance ɗaurin. Na ƙarshe laifin hannu ne: ba a danne tsagiyar goge har ta taɓa sanda, taɓa ta ake yi da cikin yatsu.

Game da fatar kumbo, ta guza aka saba, amma a makaranta siririyar fatar akuya muke sawa. Muryar ta ɗan fi laushi, ga mai koyo kuwa babu asara.

Da gaske yara ke haɗa kuntiginsu?

Da gaske. Gwangwanin kifi ɗaya, guntun fatar da ta rage daga aikin kalangu, sanda siririya mai tsawon taƙi biyu, silin waya ɗaya daga kebul ɗin birkin keke, da ɗan karan dawa a matsayin jaki. Babba ne ke daddanne kaifin bakin gwangwanin tukuna. A rufe shi da fata mai danshi a ɗinke ta ƙasa, a tsaga ƙananan ramuka a saƙa sandar ta cikin fatar, a bari kwana ɗaya kafin a ɗaura waya. Da gindin gashin zabo ake kaɗawa.

Me ake yi a ajin mata?

Gwaggo ce ke jan ajin, mataimakanta ma mata ne, namiji ba ya shiga, kuma ba a ɗaukar hoto ko bidiyo sai kowace ta yarda. Ana farawa da tafi da lugude, turmi ɗaya taɓarya uku, don wadda ta iya shigar da taɓaryarta tsakanin na mutum biyu ba tare da karo ba ta riga ta san lokaci. Sai shantu: a buga gindinsa a cinya, a rufe bakin da tafi a buɗe, zobe ko awarwaro ya ba da ƙaramar ƙara a gefe. Sai ƙwarya, manya da ƙanana a kife, ɗaya a kan ruwa cikin baho. Ita ta ruwan, yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta ke sauya muryarta. Idan ta fara nutsewa a ɗaga gefe iska ta shiga. Ƙwaryar da ta tsage kada a liƙe ta da gam, muryar ba ta dawowa, a kai wa gyartai ya ɗinke.

Dalluka tana cikin karatun don bikin Bahaushiyar Sudan ba ya cika ba ita. Jikinta yumɓu ne, a riƙa ɗaukar ta da hannu biyu. Ana kuma ba 'yan mata labarin A'isha Falatiya, 'yar jama'armu, mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman cikin shekarun 1940, ta rasu a 1974.

Malam, ba na so ɗana ya zama maroƙi. Kuma ina matsayin addini?

Tambaya ce mai kyau, Hajiya, kuma ba a jin haushinta. Hukuncin kiɗa malamai sun yi saɓani a kai, makaranta ba ta ba da fatawa. Kowane gida ya tambayi malaminsa. Abin da ke hannunmu shi ne ƙa'ida: da an kira salla a ajiye makaɗi, babu zambo, babu habaicin da ya taɓa wani gida ko wata ƙabila, babu kiɗan bori, ɗalibi ba ya wasa mutum don a ba shi kuɗi, kuma wanda ya bar allo ko makarantar boko saboda kiɗa ana mayar da shi gida sai ya gyara. Iyayen da suka fi natsuwa da tar da waƙen yabon Annabi kaɗai, suna iya rubuta yaro a wannan zaman kawai.

Kayanmu suna tafiya da ud (garayar Larabawa) da tambur (abin kaɗawa mai tsirkiyoyi na Sudan) da org (piyanon lantarki) na gidan biki?

Suna tafiya. Yawancin waƙar Sudan a kan muryoyi biyar take, abin da ake kira sullam humasi, waƙoƙin Hausa da yawa ma haka suke, shi ya sa goge da tambur ba sa faɗa. Inda ake samun matsala shi ne saiti. Mai goge ya saba saita tsagiya daidai da maƙogwaron mawaƙinsa, org kuwa ba ya matsawa. To mai org ya ba da muryar tushe ya riƙe, mai goge ya matsa ɗaurinsa har su haɗu, a sake dubawa bayan waƙa uku don tsagiya tana saki idan ta yi ɗumi. A kuma ja kunnen mai na'ura ya rage ƙarar kiɗan da ke cikin org ɗin, in ba haka ba kalangu ya zama ado. Ɗalibin da ke son ya zurfafa a rubutun kiɗa, akwai Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, wadda ta faro a matsayin cibiya a 1969.

Muna da biki ko suna. Za ku zo?

Ana zuwa, amma a sanar mako biyu kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. A faɗi irin taron, na maza ne ko na mata, da sunayen da ake so a yi wa take, don a gwada su a kan kalangu tun a rumfa. Mutum biyar zuwa bakwai ke fita, da malami ɗaya. Mai biki ya tanadi abin hawa zuwa da dawowa, inuwa, ruwan sha, da izinin hukuma idan ana buƙata a lokacin. Yaran da ba su kai 15 ba ba sa kai dare. Abin da aka samu ana ƙirga shi a gaban kowa: kashi ɗaya cikin uku na asusun fata da tsagiya, sauran a raba wa waɗanda suka fita.

Gayyar gona, wato nafir, kyauta ake zuwa da gangar noma. Godogodo dai, abin sha na gero da nono, ya wadata.

Wasan bayan girbi fa?

Ana yin sa idan an shigar da dawa sanyi ya sauka, a filin unguwa, daga la'asar zuwa magariba. Za a sanar da ranar a masallaci da zauren WhatsApp na iyaye. Ƙananan yara ke buɗewa da kuntigi, sai masu ɗan karɓi, sai taken sana'o'i, inda ake kiran mahauta da manoma da maƙera kowa ya taso idan ya ji nasa. Mata suna nasu a cikin gida washegari. Ana gayyatar maƙwabta masu tambur da masu gangar nuggara. Ana neman masu ba da aron tabarmi da kujeru, da samari huɗu masu yayyafa ruwa kafin a fara, don ƙura tana kashe muryar 'yan amshi tun waƙa ta biyu.

Kakata tana da tsofaffin waƙoƙi. Yaya zan ɗauke su da waya?

A fara da neman yardarta, a kuma tambaye ta wa ta yarda ya ji: 'yan gida kawai, ko makaranta, ko duniya. A faɗi amsar a cikin ɗaukar. A sa waya a yanayin jirgi don kira kada ya katse, a kashe fanka, a zauna a ɗakin ƙasa ko na ciyawa, ba na kwano mai amsa kuwwa ba. Wayar ta zauna a kan matashi, kamu ɗaya daga bakinta; idan da kalangu, shi ya ja baya taku uku, don ƙararsa na fasa sauti. A buɗe da faɗin rana da gari da irin waƙar. Kada a gyara mata kalma, kada a katse ta idan ta ɓata ta koma. Bayan ta gama a tambaye ta wurin wa ta koya, a wane gari, da lokacin da ake rera ta, don sau da yawa amsar ta fi waƙar tsawo.

Kwafi biyu ake ajiyewa, ɗaya a katin waya ɗaya a wani gidan. Idan za a turo ta WhatsApp, a turo a matsayin fayil, saƙon murya yana rage ingancin sauti.

Nawa ne kuɗin makaranta?

Ba ma rubuta adadi, don fam ɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya. Ana faɗa a farkon kowane wata, a biya hannu ko ta Bankak, manhajar banki ta waya. Marayu da 'ya'yan waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu ba sa biya. Mai fatar akuya ko wutsiyar doki ko ƙwarya mai kauri, ana karɓa a madadin kuɗi.

Mun tarar da tsohuwar gangar kakanmu a rumbu. Mu kawo?

Ku kawo, amma kada ku wanke ta, kada ku shafa mata mai ko fenti, kada kuma ku gwada ɗaure tsirkiyar, tsohuwar fata tana tsinkewa a jan farko. Idan gari na zuba daga ƙananan ramuka, ƙwaro na ciki: a sa ta a buhu ita kaɗai a ɗaure bakin, kada ta shiga cikin sauran kayan. Layu ko ƙyalle ko ƙaramar ƙararrawa da ke jikinta a bar su yadda suke. Ku zo da ita ranar Asabar da safe, tare da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, don a tambaye shi sunan mai ita da garin da aka sassaƙa ta kafin a taɓa komai.